Taku Dubu Da Ɗari Uku

Ya sanyin idona, inuwar da nake raɓa in rana ta take, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, mai keken ɗinkin da ƙararsa ta fi mini kowace waƙa,

Jiya ƙanwarki ta gaya mini mai kantin magani ya nemi aurenki, kuma ranar Asabar za ki ba shi amsa. Wai da ta ambace ni dariya kika yi, kika ce ai Malam hanya ce kawai take biyowa da shi.

Ni na faɗa miki haka, ban musa ba. Ranar da na fara kawo wando ki rage mini tsawo, kina riƙe da allura a baki kika tambaya ko a kusa nake, na ce shagonki a kan hanyata yake. Ƙarya ce, kuma malamin lissafi ne ya shara ta.

Bari in yi miki darasin 'yan aji biyu. Makaranta, shagonki, gidana: alwatika ke nan, gefe uku. Daga makaranta zuwa ƙofarki taku ɗari takwas. Daga ƙofarki zuwa tawa ɗari biyar. Gefe na uku dole ya haura ɗari uku, kuma ba zai taɓa kai dubu da ɗari uku ba, don biyu a haɗe kullum sun fi ɗaya tsawo. Nawa gefen na uku, daga makaranta zuwa gida, ɗari huɗu ne, ta bayan asibiti. Shekara shida ina barin ɗari huɗu ina taka dubu da ɗari uku, da gwiwa mai kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Ke da kike duban kafaɗar mutum sau ɗaya ki yanka yadi babu kuskure, titi uku ne suka gagare ki awo? Wando nawa mutum ɗaya yake da shi, da zai riƙa rage musu tsawo duk wata? Yanzu duka a ƙwauri suke tsaya mini, ɗalibai na ta ƙus-ƙus. Ko kin auna tuntuni, kika zuba ido ki ga iyakar wautata?

Shi mai magani bai san alwatika ba. Titi ya tsallako ya faɗi abin da ke ransa. Ni da nake gamsar da yara arba'in da alli guda, na kasa buɗe baki a gaban mace ɗaya.

To, ga shi a rubuce, tauraruwata, tunda baki ya ci amanata: ina son ki, ina neman aurenki. Kada ki ba shi amsa sai kin ba ni tawa, ko da a'a ce.

Naki, ko kin karɓa ko kin ƙi, har ranar da ƙafa ta daina ɗaukata,

Malamin lissafi