Inna, Na Kira Sunanta a Bakin Mota

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da ladabi irin wanda kika koya mini. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma tun da aka kai ki makwancinki ban sami wanda zan durƙusa a gabansa in ce ina jin tsoro ba. Yau kuwa ina jin sa.

'Yar taki ta tafi Damagaram.

Kin san farkon abin. Ina koyar da Faransanci a makarantar 'yan mata, ke kuma kina yi mini tsiya, wai na bar karatun gidanmu na unguwar Kwarbai na koma magana ta hanci kamar mai mura. Daga baya na haɗu da Malama Zainabu, mai koyar da Turanci a wata makaranta a Damagaram, muka ƙulla zumunci tsakanin ɗalibanmu. Namu su rubuta da Faransanci, nata su amsa da Turanci, kowace ta gyara wa 'yar'uwarta. Har kaset muke aikawa ta hannun direbobi. Ranar da kika ji wata yarinyarsu ta gaji da Turanci ta ɓarke da Hausa, dariya kika yi har da hawaye, kika ce, “Ashe duk wahalar nan da 'yan gida kuke yin ta.”

Bana muka ce a wuce takarda. Namu su je can su zauna a gidajen ƙawayensu, nasu su zo nan. Ni in tsaya in karɓi baƙi, abokiyar aikina Malama Asabe ta raka namu. Ban taɓa son wani aiki kamar wannan ba, Inna. Abin da yarinya za ta samu idan ta zauna a ajin da ake lissafi da Faransanci, ba zan iya ba ta shi a shekara guda ba.

Da aka tara iyaye, wanda ya fara magana shi ne Malam Isiyaku na unguwar Limancin Kona, wanda 'yarsa take ajina. Ya gyara zama ya ce, “Malama, ba a tura ɗan wani ya gwada zurfin rafi. In taki tana cikin motar, tawa ma tana ciki.” Sauran suka ce haka ne.

A nan na neme ki na rasa. 'Yar fari ce. Ba na kama sunanta, ko a aji sai dai in ce “ke ta bakin taga”. Tun da aka yaye ta ɗakinki ta koma, ke ce bakinta. Da kina nan, da kin aiko an ce ƙawarki ba ta zuwa ko'ina, magana ta mutu, ba mai ganin laifina. Amma ni in buɗe baki a gaban dattawa in kare 'yar fari? Mahaifinta yana wurin, shi ma ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Sai na ce tana ciki.

Ga kuma abin da ba wanda ya sani a wurin: tana da sikila. Ke kika hana a faɗa. Kullum cewa kike, “Ba a tallar ciwon 'ya mace.” Ke kika san yadda yake kama ta, tana cije da gefen zanenki, kina gasa mata gwiwoyi da ruwan ɗumi, ni kuma ina tsaye bayan labule, wai kunya, ina jin kowane nishi. Likita ya ce kada ta yi ƙishirwa, kada ta galabaita, kada ruwan sama ya dake ta.

To, ki duba hanyar nan. Kano, Daura, sannan kan iyaka, inda ake sauke mutane a bar su cikin rana. Ba nisan ne ya fi tayar mini da hankali ba, halinta ne. Ba za ta ce tana jin ƙishi ba. A gidan baƙunci za ta danne ciwo don kada ta dami masu gida, ana tambayarta tana cewa lafiya lau. Mu muka koya mata haka, ni da ke.

Ita kuwa murna take ta yi. Ita ta fi kowa a ajin, ga shi na faɗa tunda ke ce. Kullum tana tsakar gida tana maimaita gaisuwar da za ta yi wa Malama Zainabu.

Shekaranjiya da safe motar ta zo ƙofar makaranta. Na yi niyyar in ja Malama Asabe gefe, amma iyaye sun kewaye ta, kowa yana damƙa amanarsa. Ina ta jiran a watse har direba ya tayar da mota. Sai na hangi gorar ruwan da na cika mata a gindin bishiyar dogon yaro, ta manta da ita. Na ɗauka na bi su da gudu, mayafina yana zamewa. Na ce “ke”. Motar kuwa cike take da “ke”.

Inna, sai na kira sunan.

Duk yaran suka juyo ban da ita. Ba ta san sunanta da muryata ba. Sai da ta kusa da ita ta taɓa ta. Direba ya tsaya, na miƙa mata gorar.

Tunda bakin ya buɗe, ban rufe shi ba. A gaban iyaye da direba da kowa na gaya wa Malama Asabe ciwon, da abin da za a yi idan ya tashi. Malam Isiyaku ya matso ya ce, “Da kin faɗa, Malama, da ban ɗaure ki ba. A sauke ta, tawa za ta tafi.” Na dubi yarinyar. Ta rungume gorar a ƙirji, idonta ya cika da ƙwalla, ta kira ni yadda ta saba, ta ce, “Yaya, zan sha ruwan.” Na ja da baya, motar ta wuce.

Ki yafe mini. Abin da kika rufe na buɗe, kuma na san yanzu ya zagaya Kwarbai. Ban sani ba ko na yi daidai da na bar ta. Abinci ba ya shiga. Duk sallamar da aka yi a zaure sai gabana ya faɗi. Gobe motar za ta dawo da 'yan Damagaram, a bakin direban zan fara jin labari. Na yi alkawari, kafin in yi wa yaran nan kalma ɗaya ta Turanci, sai na zaunar da kowace na tambaye ta da Hausa, a hankali, ko akwai abin da uwarta ta kasa faɗa.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna a kan rainon da kika yi mana. Allah Ya tsare 'ya'yan mutane, masu tafiya da masu zuwa. Allah Ya sa ta faɗa idan ya kama ta. Ya Allah, Ka dawo mini da Hadiza.

'Yarki mai kewarki,
Rabi