Gurbin Dariyarka

Zuwa ga abokina Obinna, duk inda wannan saƙo ya riske ka.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, tare da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ne Sabo na Fagge. Na rubuta a nan inda kowa zai gani ne saboda lambarka ta daɗe da daina shiga, kuma duk wanda na tambaya a Sabon Gari sai ya ce rabonsa da kai tun da ka raka gawar mahaifinka Gabas.

Abin da ya sa na neme ka, an tsayar da shirina na safe a rediyo, wanda na tsufa a kansa. Juma'a mai zuwa ce ta ƙarshe. An ba masu tallan maganin gargajiya lokacin. Manajan, yaro ne mai ladabi, ya ce masu saurare sun canja, ni kuma ban yi musu ba. Wallahi na gaji, Obinna. Gwiwa ta gaji da hawa benen nan, murya ta fara dusashewa, raha ma yanzu sai na tatso ta da ƙyar.

Ka tuna wasan barkwancin nan na Amurka, na masu sa faifai a gidan rediyo? Dogo mai gashin baki da gajere mai tumbi. Nakan tako daga Fagge bayan la'asar don talbijin ɗinku mara kala. Mama, mahaifiyarka, ta ajiye mana soyayyar doya, ta ja mini kunne kada in kuskura in rasa magariba saboda Turawa.

Lokacin ba na tsintar komai a Turancinsu na hanci, kai ne tafinta. In dogon ya jawo makirfo, sai ka ce cigiyar akuyar surukarsa yake yi. In gajeren ya daki tebur, wai an cinye masa ɗumame. Sai dariyar mutanen ɓoye ta tashi daga akwatin, mu ma mu bi, har Mama ta leƙo. Kakan ce, "Sabo, dubi yadda suke yi. In ka faɗi magana, ka bar wa dariya wuri ta zauna."

Wasan bai yi nisa ba. Wata rana muka zauna da doyarmu, sai ga shirin noma a madadinsa. Ka ce ai shi ke nan, an kori Turawa daga aiki, mu za mu gaje su, ni dogon kai gajeren. Muka yi ta gwaji da lasifikar wani mai kaset a Bata har 'yan kasuwa suka kore mu. Daga baya ni na samu shiga rediyo, kai kuma shagon kayan mota ya riƙe ka.

Kwanan baya 'yata Hauwa ta tono mini wasan a waya. Ashe can ƙasarsu ma bai karɓu ba, kashi kaɗan aka yi aka watsar. Yanzu ina jin Turanci, sai na gyara zama na kalla. Babu akuya, Obinna. Babu ɗumame. Rigimar ofis ce lami, mutanen ɓoye suna ta ƙyaƙyatawa, ni ko murmushi ban yi ba. Ashe duk kai ne, ɗan banza. Na yi shekaru ina cika baki cewa Turawa suka koya mini aiki, alhali malamina yana gefena a kan tabarma, bakinsa cike da doya.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk rahar da na yi a iska, nakan ɗan yi shiru a bayanta. Yaran studiyo suna zaton numfashi nake ja, manaja kuwa ya sha yi mini ƙorafi wai shiru a rediyo asara ne. Ba su san gurbinka ba ne. A nan nake jin dariyarka, wadda take farawa da tari ta ƙare da buga cinya.

To, kwanakin nan in na yi shirun ba na jin komai. Ina tuna fuskarka, ina tuna kantar da ke yatsanka, amma sautin ya fara ɓace mini. Wannan ya fi sallamar ci mini rai. Ina kewarka, mutumina, kuma ba na so in rufe makirfo na ƙarshe a kan shiru.

Don haka ga roƙona. Juma'a da safe layin wayar shirin a buɗe yake. Ba sai ka yi bayanin inda ka shiga ba, ba sai ka ce komai ba. Ku kuma da kuke karantawa, wanda ya san wani gajeren mai kayan mota a Aba ko Anacha da yake jin Hausar Kano kamar ɗan Fagge, don Allah ya isar masa.

Zan yi cigiyar akuyar surukata, sannan in yi shiru. Wannan karon babu aikin da za a kore ni daga gare shi, saboda haka zan jira ka iya son raina.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya tsare ka da zuri'arka, Ya saka wa Mama da alheri. In kana raye, Allah Ya sa ka ji.

Naka har kullum,
Dogon,
Sabo.