Dutsen da Ke Tare Ƙofar Zaure

Zuwa ga 'yata Dalisay,

Gaisuwa mai yawa daga Milan. Yaya ƙafar mamarki? Ni lafiya lau nake. Tsohuwar da nake jinya ba ta son a buɗe taga, amma na saba. Ajin da na koyar a gida ne kawai nake mafarkinsa wani lokaci.

Na yi murna da aka zaɓe ki majalisar barangay, wato ta unguwarmu. Kin ce shugaban majalisar, Kapitan Efren, ya gayyace ku cin taliyar pansit a gidansa, a can za a yanke maganar tashin mata masu shanya kifi daga bakin teku. Ki je ki ci, ki yaba girkin matarsa, amma kada ki ɗaga hannun ƙuri'a a can. Doka ta ce a zauren majalisa ake zama, ƙofa a buɗe, kuma abincin matan nan ake magana a kai.

Lokacin da marigayi babanki yake sakatare, iska takan rufe ƙofar zauren, sai ya tare ta da wani dutse da ya ɗauko daga bakin ruwa. Mai tallan nan Aling Perla takan leƙo da tiren soyayyiyar ayaba ta ce wa shugaban lokacin, "Kapitan, ɗaga murya mana, ko tsoronmu kake ji?" Har shi sai ya yi dariya. Idan gidan nan ya yi tsit, muryarta nake ji.

Efren zai ɓata rai. Ɗalibina ne, yakan huce.

Ki duba bayan tukunyar furen da ke bakin zauren, can babanki yake ajiye dutsen. Allah ya yi miki albarka. Ki turo mini hoton ƙofar a buɗe.

Gwaggonki,
Leonora