Makullin da Kawu ya ɗaure a wuyan sitiyari

Gwaggo mai fili, don Allah ki taimaka min da shawara kafin in aikata abin da za a daɗe ana labarinsa a layinmu. Raina a ɓace yake, kuma a gidanmu an mayar da ni mahaukaci saboda kawai na iya karanta abin da ke gabana.

Mu uku ne maza, ni ne ƙaraminsu. Bayan rasuwar mahaifinmu aka haɗa abin da ya bari aka sayi mota, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau. Da ita gidanmu ke ci. Yaya babba yana haya da ita da safe, yana kai yaran mutane makaranta da ma'aikata ofis. Mai bi masa ya karɓa da rana, yana ɗaukar wa masu shaguna kaya. Ni kuwa a shagon buga takardu nake aiki, ba na taɓa ta sai ranar da za a kai Inna asibiti awon hawan jini. Ban yi nisa a makaranta ba, amma babu takardar da za ta ratsa ta hannuna ban karanta ba. Har littafin da ya zo da motar, wanda Yaya ke fifita da shi in zafi ya dame shi, na karance shi kaf, ina duba ma'anar kalmomi a waya.

Ga inda matsalar take. Da makulli ɗaya motar ta zo, mai baƙin kai mai kauri. A cikin kan nan akwai wani ɗan ƙanƙanin abu da masu ƙera motar suka saka, shi ne yake gaisawa da injin. In injin bai gane shi ba, ko ka murɗa har hannunka ya ƙage motar ba za ta tashi ba. Mai yankan makulli a kasuwa zai iya kwaikwayon haƙoran, ƙofa ta buɗe, amma injin ya yi maka shiru. Imobilaiza suke ce masa, kuma don ɓarayi aka yi shi.

To direba uku, makulli ɗaya. Kullum rigima. Yaya zai tafi aski da shi a aljihu, mai bi masa yana tsaye da buhunan mutane a bakin titi yana zage-zage. Aka tambayi kuɗin yin wani irinsa, aka ce da tsada. Sai ga Kawu, ƙanin Inna, mai gyaran wayar mota. Ba zan ɓoye miki ba, mutumin nan ya yi mana komai, shi ya koya wa Yaya tuƙi, shi ya tsaya mana wajen sayen motar. Ya ce abu mai sauƙi ne. Ya kwance robar da ke ƙarƙashin sitiyari, ya ɗaure makullin asali da baƙin salatif daidai inda injin zai riƙa jinsa, ya mayar da roba ya rufe, ya sa aka yanko mana makullai na banza irin na kwaɗon ƙofa, kowa nasa. Aka yi ta sa masa albarka. Ni ma na karɓi nawa ina washe baki, don lokacin ban kai wannan shafin na littafin motar ba.

Jiniyar motar kuma, ita ma Kawu ya gama da ita. Wai ta cika kuka, babbar mota ta wuce ta yi ihu, kyanwa ta hau kanta ta yi ihu, matar tela maƙwabcinmu tana goyo ta kawo ƙara wajen Inna. Maimakon a rage mata ji, sai ya datse wayar. Yanzu 'yar jar fitilar nan ce kawai ke ƙiftawa a gaban gilashi, Yaya ya ce ita ma ta isa ta tsorata ɓarawo. Gwaggo, ɓarawon mota ne zai ji tsoron fitila?

Kwanan baya aka sace motar mai kemis a layin bayanmu, da rana tsaka, ya shiga wanka ya fito babu ita. Da ya zo shagonmu buga takardun da zai kai wa kamfanin inshora, na ji yana cewa abu na farko da suka nema shi ne makullansa. Na koma gida na ciro tamu takardar inshorar. Yaya cikakkiyar inshora ya yanka, mai biyan sata, kuma yana alfahari da ita a majalisa. A ciki an tambaya ko motar tana da imobilaiza da jiniya masu aiki, ya amsa e. A ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe an ce in an sace mota sai an kawo makullin asali. Namu makullin asalin fa? Yana cikin motar, a naɗe da salatif, zai bi ɓarawon ya raka shi har inda za shi. Mu kuma mu je ofishin mutane da makullan kwaɗo a hannu mu ce a biya mu.

Na faɗa wa Yaya, ya ce karatun shagon buga takardu ya fara taɓa min kai, in bari sai na sayi tawa in zuba mata jiniya goma. Mai bi masa ya ce ai Allah ke tsarewa. Na ce haka ne, amma me ya sa yake kulle ɗakinsa in zai fita? Ya ce ba ni da kunya. Daga nan ban zame ko'ina ba sai garejin Kawu. Na same shi da mutane cike, masu jiran gyara da masu zaman hira. Na faɗa masa abin da ya yi ba gyara ba ne, buɗe wa ɓarayi ƙofa ne, na bayyana wa kowa inda ya ɗaure makullin don su ga ba sharri nake ba, na kuma tambaye shi ko ana ba shi kaso ne in an sace. Ya goge hannu da tsumma ya sunkuya cikin injin da yake dubawa. Tun ranar bai sake taka gidanmu ba. Inna tana amsa gaisuwata da ka kawai. Yaya ya ƙwace makullina, kuma salatif yana nan inda yake.

Abin da ba su sani ba, kafin ya ƙwace na riga na yanko wani. Niyyata in bari Yaya ya ajiye motar a bakin makarantar da yake jiran yara, in ɗauke ta in ɓoye a bayan gidan burodin abokina har yamma. Su ɗanɗana, su ji yadda abin yake, sannan in dawo da ita in ga mai sake kirana mahaukaci. Ko kuma in je kamfanin inshorar da kaina in tona. Ko in sa reza in yanke salatif ɗin kowa ya huta. Wanne zan yi? Kada ki ce in yi haƙuri, an faɗa min wannan har na ƙoshi. In motar nan ta tafi, tukunyar gidanmu ce ta tafi.

Naki,
Wanda ya karanta littafin

*

Ɗana,

Ba zan ce ka yi haƙuri ba, zan ce ka yi sauri, amma ba ta hanyar da ka zaɓa ba.

A kan mota kana da gaskiya. Na tambayi wani mai gyaran makullan zamani da wata da ta daɗe a aikin inshora, dukansu sun ce karatunka daidai ne. Motar da aka ɗaure wa makullinta a ciki ba ta da wani tsaro da ya wuce ƙofarta. Sharuɗɗan kamfanoni sun bambanta, amma in an rubuta cewa na'ura tana aiki alhali an kashe ta, an ba su hujjar ƙin biya. Yayanka yana biyan kuɗin kariyar da wataƙila ba zai samu ba.

Sai dai akwai abin da ba ka lura da shi ba. Kafin ka je gareji, 'yan gidanku ne kaɗai suka san inda makullin yake. Yanzu duk wanda ke zaune a wurin ya sani, kuma ba ka san wa ya faɗa wa wa ba. Haɗarin da kake tsoro, bakinka ya ƙara shi. Don haka gyaran nan na wannan makon ne, ba na wata mai zuwa ba.

Satar wasa kuwa ka cire ta daga ranka. Mutanen da za su ga saurayi ya ja motar da ba tasa ba a bakin makaranta ba za su tsaya tambayar ko ƙanin mai ita ne ba. Yayanka zai kai rahoto wajen 'yan sanda, rahoton ya zama na ƙarya, kuma ranar da aka yi ta gaske babu mai saurin yarda da ku. Yaran da yake jira su tsaya a titi, iyayensu su nemi wani direba. Ga Inna da hawan jini. Wannan makullin na ɓoye, ka miƙa mata shi yau. Kada kuma ka taɓa salatif da kanka, kana iya lalata abin da ke wurin ka tsayar da motar gaba ɗaya. Zuwa kamfani a bayan idon yayanka ma ba naka ba ne, sunansa ne a takardar.

Yanzu Kawu. Ya yi kuskure, amma matsala ta gaske ya tarar, ya warware ta da abin da ya saba gani ana yi, don ya sauƙaƙa wa 'ya'yan 'yar'uwarsa. Kai kuma ka jingina shi da ɓarayi a gaban masu kawo masa aiki. Mai gyaran mota da amana yake ci, mutane suna barin masa motocinsu da makullansu su tafi. Ka damu da tukunyar gidanku, ka je ka taɓa tasa. Shirun da ya yi maka ba rashin amsa ba ne.

Ga yadda nake ganin za a yi. Ka fara da Inna, kai da ita kawai, ba da ɗaga murya ba. Ka karanta mata layin nan na makullin asali, ka bar ta ta kira yayyenka, don daga bakinta za su ji abin da ba za su ji daga naka ba. A ciro makullin, a koma amfani da shi shi kaɗai, a sa masa wuri guda a ɗakinta inda mai dawowa zai ajiye, mai fita ya ɗauka. Da wahala, amma kun taɓa yi. A riƙa ware wani abu daga kuɗin haya har a yi na biyu a wurin masu na'urar haɗa shi da injin. Jiniya a mayar da wayarta a rage mata ji, a kuma gaya wa matar tela kafin a yi. A sayi ƙarfen kulle sitiyari, a daina barin takardun mota a cikinta. In an gama, yayanka ya je kamfanin da kansa ya tambayi abin da suke buƙata, ya karɓo amsar a rubuce.

Wanda zai yi aikin kuma Kawu ne. Ya san inda ya datse, kuma in aka kai motar wani gareji, an tabbatar wa mutane da zargin da ka yi masa. Amma ba zai taɓa ta ba sai ka je. A gaban mutane ka faɗi maganar, a gabansu za ka janye ta, da muryar da ta kai ta ranar ƙarfi. Kada ka haɗa da bayanin cewa duk da haka kai ne mai gaskiya. Ka ba shi haƙuri, ka yi shiru, ka tsaya har ya ɗago.

Allah ya tsare muku abin hawanku, ya ƙara wa Inna lafiya, ya sanyaya zuciyar Kawu a kanka.

Gwaggonku