Hodar Inna

Jega, Talata bayan isha'i

Alhamdu lillahi, yau zan yi barci. Na kai Inna asibiti hoton nono, tunda ciwon daji ne ya ɗauke yayarta. Ita ko ta shirya kamar mai zuwa biki, hoda har hammata. Da anka ce hoton ya nuna ɗige-ɗige farare, sai na ɗauka ciwon ne ya kama ta. Sai mai ɗaukar hoton ta matso ta shinshina, ta ce, "Inna, hoda kinka shafa?" Ta goge mata, anka sake ɗauka. Likita ya ce ba komai, hodar ce ta fito a hoton farko.

A mota ina share hawaye, Inna na mita: "Haka kawai an wanke mani hodata mai tsada!"

Allah ka bar mani ita, ta yi ta mitar.