Sunan Inna a Diwani

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ladabi. Yaya ƙarfin jikinka, yaya su Rabi? Mun iso Sakkwato lafiya. Gwaggo tana kula da ni, har ina ɗan cin abinci, kada ka damu.

Jiya ta kai ni diwani. Haka tsofaffi ke kiran ɗakin ajiye takardun hukuma tun kafin zuwan Nasara, yanzu ofis ake cewa. Nan ake rubuta bayin da aka 'yanta. Malamin da ke kula da takardun ya ce, "Wa kike nema, yarinya?" Dole na faɗi sunan Inna da bakina, kunya kamar in nutse. Ya duba, bai samu ba. Ya ce wanda ya sayi baiwa yakan sake mata suna, sabon sunan kuma ake rubutawa. Amma sukan rubuta tsagar fuska, in na faɗi tata zai sake dubawa.

Baba, haka na fito daga ofishin. Ina shekara huɗu mahara suka tafi da Inna. Don Allah ka aiko mini da yadda tsagarta take. Kada ka gaya wa kowa na manta fuskarta.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Mariyatu