Fuskata Kuka Zana, Ƙanena Ne Ya Rasu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Karrama Sojojin Unguwarmu, Bukoki, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti, ni ne Issufu tela, yayan marigayi Kaporal Lawali. Ina so in fara da sanar da kai cewa ina raye. Na san bangon da ke kusa da lakwal, makarantar yaran unguwa, ya faɗi akasin haka, amma da hannuna nake rubuta wannan takarda.

Na ɗaya. Mun gode da kuka tuna da Lawali. Ya rasu a bakin iyaka, kuma abokinsa da ya dawo ya ce shi ya tsaya yana harbi har sauran suka samu suka janye. Can aka binne shi, ba mu da kabarin da za mu ziyarta. Shi ya sa da kuka ce za a zana shi a bango, Inna ta yi kwana uku tana sa muku albarka.

Na biyu. Ranar buɗewa ina layin gaba, kusa da kai. Ka yi jawabi mai daɗi, ka ja ƙyalle, sai ga ni a bango, da kunnuwana da wushiryata da kumatuna, an ɗora mini jar hula, an rubuta sunan Lawali a ƙasa. Jama'a suka dubi bango, suka dube ni, suka sake duban bango. Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah, ashe haka suka yi kama!" Ranka ya daɗe, ba mu yi kama ba ko a duhu. Lawali dogo ne siriri, da tabo a haɓa tun ranar da ya faɗo daga mangwaro a Gudel. Ni kuwa gajere ne, kuma zaman keke ya ba ni tumbi.

Na uku. Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Zuwansa hutu na ƙarshe ya faɗo a kan Sallah, na ɗinka masa babbar riga ta shadda. Ni kuma na nace sai ya ara mini kakinsa na ɗauki hoto, don tun ina yaro nake sha'awar a sara mini. Maɓallin ciki ya ƙi shiga, sai da na riƙe numfashi. Lawali yana ta dariya yana cewa, "Yaya, kai da ɓera ke hawar da kai tebur, ina kai ina soja?" Haka aka ɗauke mu, ni cikin kaki, shi cikin shadda. Wannan hoton Inna ta ba ku, don a cikinsa kaɗai fuskar Lawali ta fito sosai. Mai zanenku ya bi kaki, bai tambayi kowa ba. To amma sakatarenku ya sha shayi a shagona ya fi a ƙirga, shi ma bai gane kunnuwan ba?

Na huɗu. Tun ranar ban huta ba. Mata biyu daga unguwar Dar es Salam sun je gida sun yi wa matata Rabi gaisuwa, sannan a hankali suka tambayi inda marigayi ya ajiye atamfofinsu. Mai sayar da kopto, kwaɗon zogale, da ke bakin hanya ta hango ni na fito daga bayan bangon, ta saki tire ta ruga tana salati. Samarin fada kuwa, masu zaman shan shayi a bakin titi, in na wuce sai su miƙe tsaye su ƙame, su ce, "Mon kaporal, yaya lahira?" Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wani direba da muka yi shekara ba ma magana. Ya zo har tsakar gida da hawaye yana ce wa Rabi ya yafe mini, sai ya tarar da ni ina cin dambu. Nan take ya janye yafiyar.

Na biyar. Sau uku ina zuwa wurin sakatarenku. Da farko ya ce fenti ya riga ya bushe. Na koma, ya ce ai duk gida ɗaya ne. Zuwa na uku ya dafa kafaɗata ya ba ni haƙuri da Zabarmanci, ya ce, "Kala suuru, Issufu, a bar shi. Kai ma wata rana zai yi maka amfani." Allah ya sani na yi haƙurin, na fito na koma shago.

Duk wannan zan iya shanyewa, ni ma wani lokaci dariya nake yi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Hadiza, 'yar Lawali. Tana goye ya tafi, yanzu shekararta shida, kuma kullum ta gaban bangon nan take shiga lakwal. Madam ɗinsu ta kai ajin wurin ta ce ga baban Hadiza, jarumi. Yarinya ta ce, "A'a, wannan Baba Issufu ne, mai tsoron ɓera." Yara suka kwashe da dariya, suka ce ashe ƙarya take, ba ta da uba soja. Ta zo shago ta zauna gefen keke, sannan ta ce, "Baba, to shi babana yaya fuskarsa take?" Ranka ya daɗe, na yi kuka a gaban yarinya, kuma ban ji kunya ba. Inna ma ta daina bi ta hanyar. Ta ce wanda take gani kullum a gida ba shi take marmarin gani ba.

Saboda haka ina roƙon kwamiti a goge ni, a zana Lawali da tsawonsa da tabon haɓarsa. In mai zane ba zai iya mayar masa da kakinsa ba, a bar shi cikin shaddar, ɗinkina ne kuma ya yi masa kyau. Ni zan riƙe tsani, zan kuma ɗinka ƙyallen buɗewa kyauta. Sannan ranar da za a fara, a bari Hadiza ta zo. Na karɓo hoton na ba ta, tana kwana da shi, kuma ko daga barci aka tashe ta, yatsarta a kan mutumin da ya dace take sauka. Sai ta nuna wa mai zanenku.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya tsare ka daga ganin fuskarka a bango kana raye. Allah ya jiƙan Lawali da duk waɗanda suka kwanta tare da shi, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalam.

Naka, Issufu tela, Bukoki, yayan jarumin, ba jarumin ba.